Jitar da Aka Kwantar a Cinya

Na daɗe ina gabatar da shirin kiɗan gargajiya a gidan rediyo kafin in yi ritaya. Shi ya sa maƙwabciyarmu a Woolwich, wata dattijuwa 'yar asalin Hawaii, ta kawo mini tsohon hoton kakanta makaɗi. Nuna mini kawai ta zo yi, ba ta nemi fatawa ba.

Na sa tabarau, na yi gyaran murya. A hoton, mutum biyu sun rungume 'yan ƙananan jita masu girman gurmi. Kakan kuwa ya kwantar da tasa a cinya, yana riƙe da guntun ƙarfe.

Na ce, "Baiwar Allah, kakanki ba makaɗi ba ne, mai gyara ne. Duk duniya babu mai kwantar da garaya ya kaɗa ta. Ga ma ƙarfen aikinsa nan."

Uwargidana Hajiya ta taka mini ƙafa, amma sai na ƙara da cewa gyara ma sana'a ce mai daraja.

Matar ta fita, ta dawo da jitar kakan. Ta kwantar da ita a cinya, ta ja ƙarfen bisa tsirkiya, wani sauti mai kama da kuka ya cika falon. Ashe haka ake kaɗa ta a ƙasarsu.

Na ba ta haƙuri, ta karɓa, amma ba ta sake shigowa shan shayi ba.

Hajiya kuwa, ko farantin tuwo na ɗora a cinya sai ta ce, "Alhaji, ci ake yi ko gyara?"