Sharar da Na Sa Mariyama

A shekarata ta farko ta koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, ta Birni, ba na tambayar kowa komai. Ina da kawu mai asma, don haka na ɗauki kaina masanin ciwon.

Ranar motsa jiki na hana Mariyama, ɗalibata mai asma, fita fili. Ta ce, "Mushe, ina iya gudu in na shaƙi maganina." Na ce gudu ba na irinta ba ne. Don tausayi na ba ta aiki mai sauƙi: ta share aji, ta kakkaɓe tsumman goge allo. Har taga na rufe mata, kada iska ta buge ta.

Da muka dawo, tana durƙushe cikin ƙura, numfashi na neman gagararta. Ni kuwa masani, sai fifita nake mata da littafi ina salati.

Direktiris ɗinmu, shugabar makarantar, Madam Zainabu, ta shigo, ko murya ba ta ɗaga ba. Ta fitar da yarinyar inuwa, ta zaunar da ita, ta ciro abin shaƙa daga jakar yarinyar, tana lallashinta har numfashin ya daidaita. Ashe duk yaron da ke da ciwon, ta san inda yake ajiye maganinsa. Sannan ta dube ni, ta kira ni likita cikin gatse.

"Lokotoro, gobe ita za ta yi gudu. Kai ka yi shara."

Bara Allah ya yi wa Madam rasuwa. A zaman makoki, tsofaffin abokan aiki suka matsa suka ba ni wuri a tabarma: "Bismilla, Lokotoron Tsintsiya."

Na amsa. Ita ta raɗa mini sunan.