Gwaggo, Kwamfutar da Na Yi wa Ƙarya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda laifi kuma ya yi wa nauyi, ni mai rabon aiki na wannan kamfani namu na haɗa tagogi da ƙofofin alminiyam, ina sanar da ma'aikata da dukkan abokan hulɗa rasuwar kwamfutar ofishina, wadda kowa ya sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan teburin da ta shekara tara a kansa, bayan doguwar jinyar da ban kula da ita ba.

Marigayiyar ta zo mana a hannu na biyu, da tsaga a kusurwar murfinta. Dogo mai yankan gilashi ne ya raɗa mata suna, don ya ce tun bayan ƙanwar babansa bai ga mai sa masa ido kamarta ba. A cikinta manhajar tsara aiki take. Ma'aikata takwas, kowa da layinsa: aikin da aka ba shi, awowin da zai ci, da ranar hutunsa. Wanda kayansa suka yi masa daidai sai ta sa masa kore. Wanda aka ɗora wa fiye da ƙarfinsa sai layinsa ya yi ja, ta ce "tiit, tiit". Iyakar faɗanta ke nan.

Duk wanda ya zauna da ita zai yi mata kyakkyawar shaida. Ba ta taɓa fifita wani ba. Ita ta raba mu da tura mai walda wurare biyu a safiya ɗaya. Ita ke tuna cewa direba yana kai mahaifiyarsa asibiti kowace Alhamis, ko da ni na manta.

Ciwon ajalinta ya faro ne daga ƙurar alminiyam da ta toshe mata fanka. Tana nishi, "gurrr", ƙasanta ya yi zafi kamar dutsen guga. Sau uku mai gyara yana ce mini in bar masa ita yini ɗaya ya share ta. Sau uku ina ce masa babu yinin.

Sauran bayanin ba a saba sa shi a sanarwar rasuwa ba, amma dole in faɗa.

Watan jiya muna da ayyuka uku a hannu, sai ga na huɗu, tagogi sittin na wani sabon otal. Maigida ya ce in duba Gwaggo in gaya masa gaskiya, in ba hali mu haƙura. Na shigar da aikin. Layi biyar suka yi ja, na Dogo ya kai awa saba'in da ɗaya a mako. Ni kuwa ina so a ce ni ne wanda ba ya mayar da aiki. Sai na zauna ina rage lambobi. Yankan da na san zai ci awa goma na rubuta shida. Na goge ranakun hutu. Da ta dame ni da "tiit, tiit" na kashe mata murya. Na buga takarda kore shar na kai wa Maigida, ya dafa kafaɗata ya sa hannu.

Dogo ya yi kwana goma sha tara yana yanka ba hutu. Ranar sha biyar ya leƙo ofis, idanunsa jajur, ya ce, "Malam, wai Gwaggo ba ta ce komai a kaina ba?"

Na juya masa fuskarta ya ga kore. Ya yi dariya ya ce to ashe tsufa ne ya kama shi, ya koma bakin aiki.

Ranar Litinin babban gilashi ya suɓuce masa, ya yanke jijiyar hannunsa na dama. Likita ya ce zai yi mako shida yana jinya, kuma bai yi alkawarin yatsu biyu za su sake lanƙwasa ba. A barandar asibiti na gaishe da matarsa. Ba ta amsa ba, sai ta ce, "Kai ne mai rubuta musu ranar hutu?"

Na ce mata kwamfuta ce ke tsarawa.

Washegari na buɗe Gwaggo da niyyar mayar da lambobin gaskiya kafin wani ya bincika. Ta yi nishi mai tsawo, ƙaurin ƙonewa ya tashi, fuskarta ta yi baƙi. Mai gyara ya duba ya girgiza kai, ya ce ko ma'ajiyar bayananta ba ta tsira ba. Allah ya sani, abin da na fara ji sauƙi ne, don shaidar da ta san abin da na yi ta tafi. Na yini da wannan sauƙin, amma na kasa daina tuna hannun Dogo. Jiya Laraba na shiga wajen Maigida na faɗa masa komai. Ya ce in kira mai otal da bakina in roƙi ƙarin mako uku, maganar kujerata kuma sai Dogo ya samu sauƙi. Na kira. Mai otal ya wanke ni tas, ya ba da mako biyu.

Marigayiyar ta bar caja ɗaya naɗe da salatif, da na'urar buga takardu da ta yi mata hidima har ƙarshe, da ayyuka huɗu da yanzu ba wanda ya san wanne ke gaban wanne. Ta bar ma'aikata bakwai a tsaye, ɗaya a kwance. Wadda za ta gaje ta tana zuwa mako mai zuwa, kuma Maigida ya yanke cewa kowane ma'aikaci shi zai faɗi awowin aikinsa da bakinsa, a gaban kowa, kafin a shigar. Ina roƙon duk wanda ya zage ta a kwanakin nan ya janye. Abin da aka ba ta shi ta nuna.

Za a kai ta makwancinta ranar Asabar da yamma, a shagon mai gyara, wanda zai cire fuskarta da maɓallanta don wasu su amfana. Ni kaɗai zan ɗauke ta. Kamfani a rufe yake ranar, kada kowa ya fasa hutunsa. Ba za a yi zaman makoki a ofis ba. Mai son yin gaisuwa ya wuce gidan Dogo, an sallamo shi, kuma yana buƙatar wanda zai riƙa kai shi wankin ciwo. Daga shagon mai gyara can zan nufa, in gaya masa abin da na rubuta a nan da bakina, idan matarsa ta bar ni na shiga.