Tsumman da Ya Kunna Kansa

Jama'a, da gira ɗaya da rabi nake rubuto muku shafin yau. Sauran rabin ya tafi a ɗakin ajiyar gidana, kuma da zan samu wanda zan ɗora wa laifin, da na fi kowa murna. Na nema, wallahi na nema.

Abin ya faro ne da wata mota mai lasifika da ta zagaya unguwarmu tana shela cewa Mai Girma Babban Mai Almakashi zai biyo ta layinmu, zai je buɗe famfon bakin kasuwa. Famfon nan an taɓa buɗe shi, har tafi na yi a wurin, ruwa ne kawai labarin bai kai masa ba. Mai shela ya ce kowane maigida ya gyara ƙofar gidansa, kada idon Mai Girma ya faɗa kan abin da zai ɓata masa rai. Ramin tsakiyar titi da ya lanƙwasa mini ƙafar babur, shi ba a ambace shi ba. Ina jin Mai Girma gefe yake kallo, ba ya kallon ƙasa.

Ni da nake cika muku kunne da tsiya kowane mako, ni ne na farko a shagon kayan gini. Na dawo da gwangwanin man nan da ake shafa wa katako ya yi ƙyalli. Uwargidana, wadda ke koyar da kimiyyar sinadarai a sakandare, ta ɗauki gwangwanin ta karanta jikinsa kafin ta fita aiki.

"Baban yara," ta ce, "in ka gama, ka shanya tsummokaran a igiya ɗaya bayan ɗaya. Kada ka dunƙule su."

Na ce, "To, Malama." Irin "to" ɗin da nake ba ta tun aurenmu duk lokacin da ta ɗauko zancen kimiyya.

Na shafe ƙofa tsaf, har ina ganin fuskata a jiki. Na tattara tsummokaran na cusa a bokitin roba, na tura ɗakin ajiya kusa da tarin tsofaffin jaridun da rubutuna ya fito a ciki. Na kishingiɗa ina jin kaina ɗan ƙasa nagari.

Wari ne ya tashe ni da yamma. Hayaƙi na fita ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin. Na buɗe, na leƙa da fuska kamar mai duba tukunya, a nan gira ta yi sallama.

Na buga wa masu kashe gobara waya. Wani bawan Allah ya ɗauka cikin ladabi, ya ce motarsu ta fita wanke titin da Mai Girma zai bi, ruwan cikinta kuma ya ƙare a can, amma ya jajanta mini ƙwarai. Allah ya saka masa, jajen ya iso da wuri.

Maƙwabcina tela shi ya faɗo gidan da gudu, shi da matarsa, suka juye duk ruwan durom ɗinsu a ɗakin. Wuta ta mutu bayan ta cinye jaridun da tabarmar baƙi, ta fara lasar silin. Da an ƙara jinkiri kaɗan, da ta tsallaka ɗakin yara.

To, me kuke tsammani na ce wa mutumin da ya ceci gidana? Na dube shi yana haki, rigarsa sharkaf, na tuna tagar ɗakin tana kallon bencin da yake zama.

"Malam, guntun sigarinka ne ya yi wannan aikin!"

Ya ajiye bokiti a hankali. "Maƙwabci, tun bara likita ya raba ni da taba. Kai ka goya ni a babur zuwa asibitin."

Na juya kan masu wutar lantarki, na ce waya ce ta haɗu. Matar tela ta ce, "Wace wutar? Rabonmu da ita tun makon jiya." Wato rana ɗaya da na buƙaci hukuma ta ɗauki laifi, ta riga ta wanke kanta da rashin aiki.

Ana cikin haka uwargida ta shigo. Ta dubi bokitin da ya narke, ta dubi igiyar shanya babu komai a kai, sannan ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.

"Zauna," ta ce. Na zauna, tela ma ya zauna.

Ta ce man nan ba ya bushewa kamar ruwa. Ƙwayoyinsa dogayen sarƙoƙi ne na sinadarin kabon. A yawancin sarƙar, kowane kabon da hannu ɗaya yake riƙe da na kusa da shi, amma a wurare biyu ko uku riƙon na hannu bibbiyu ne. Kusa da waɗannan wuraren iska ke samun shiga, ta ɗinke sarƙa da sarƙa har man ya zama fata mai tauri. Kuma ɗinkin nan zafi yake fitarwa.

"A jikin ƙofa zafin yana bin iska ya tafi. A dunƙulen tsumma ina zai je? Yana taruwa, yana ƙara wa aikin sauri, har ya kama. Ba ya jiran ashanar kowa."

Tela ya ce, "Ke nan tsumma ne ya kunna kansa?"

"Da taimakon maigida," in ji ta.

Na bi tela har shagonsa na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, sai dai duk wanda ya kawo ɗinki sai ya ji labarin, da kwaikwayon muryata.

Mai Girma ya wuce washegari, gilasan motarsa baƙaƙe, da gudun da ko lambar motar ban iya karantawa ba.

Ita kuwa Malama ta ɗauki narkakken bokitin ta kai makaranta. Ɗakin gwajinsu yana da kantoci masu kyau da famfunan gas da ba su taɓa ganin gas ba, don haka ɗalibanta ba su taɓa ganin gwaji da idonsu ba sai nawa. Yanzu in na wuce bakin makarantar, sai in ji ana "Ina kwana, Baba Tsumma!" Ina amsawa, me zan yi?

An ce bokitin yana kan ɗaya daga cikin kantocin shi kaɗai, an manna masa sunana da manyan baƙaƙe. Shekara da shekaru ina rubutu, ina fatan wata rana a sa sunana a wata cibiyar ilimi. Allah ya amsa, ni ne ban fayyace a jikin me ba.