Yadda Ake Sayen Kaka a Makka

Kai da ka zo jiya-jiya da iƙamar aiki, takardar zaman baƙo, ka ga 'yar gidan da suka daɗe a Makka ka rikice, ubanta kuma ya ce sai ɗan asalin garin zai ba: share hawayenka. Bi matakan da na koya wa Sami sa'ad da yake neman Lujain, 'yar Ammi Abdurrahim (Ammi shi ne Baffa a bakin 'yan Makka). In ba a ɗaura ba, ka sake min suna.

1. Sayo kakan

Je kasuwar tsofaffin kaya a Utaibiyya, ka tona kwalin hotuna da katunan da alhazan dā ke aikawa gida. Zaɓi dattijo mai rawani, tsaye a unguwar da aka riga aka rushe. Rusasshiyar unguwa ba ta ƙaryata mutum.

2. Raɗa masa suna

Ce Alhaji Kabo ne, Bakano, a ƙafa ya taho ta Sudan. Sa shi a gilashi, ka riƙa goge shi kullum har ka fara kewarsa da gaske.

3. Kai shi gidan surukai

Bayan shayi, ciro shi a natse, ka sauke ajiyar zuciya. Da Sami ya yi haka a gidansu Lujain da ke unguwar Ka'akiyya, Ammi cewa ya yi, "Masha Allah, ashe ɗan gida ne!"

4. Kada ya shiga hannun tsohuwa

Wayyo, nan Sami ya kwafsa! Sitti Na'ima, kakar Lujain, ta ce a miƙo. Ta kai shi dab da ido.

"Ya walad, kai yaro, Bakano ka ce? Da tsagar Gobirawa har kunne?"

Sami ya ce karce ne, hoton ya tsufa.

Ta shafa karcen da yatsa. "Badamasi ne, babana. A ƙofar gidanmu aka ɗauka. Ranar da muka tashi daga unguwar kwalin hotunanmu ya ɓace, ban ƙara ganin fuskarsa ba."

5. Yi shiru, kalli ƙasa

Ammi ya miƙe zai kore shi. Tsohuwa ta ce, "Zauna, Abdurrahim. Maƙaryaci ne, amma dubi gilashin nan, ko ƙura babu. Kai yaro, je ka turo manyanka na gaskiya, masu rai."

Gargaɗi

In taka tsohuwar ba ta da zuciyar Sitti Na'ima, ban san ka ba, ba ka san ni ba. Kada ma ka nemi aron Alhaji Kabo. Yana bangon ɗakin 'yarsa, ya koma gida.