Kwamfuta a Karkiya

Wani ne a Mahuta, tun tasowarsa bai san komai ba sai shanun huɗa. Ya ga samari suna samun rufin asiri da tura wa mutane fina-finai a waya, sai ya sayar da masararsa ya sayo kwamfuta 'yar gwanjo. Ya kafa tebur a kasuwar Dandume, daura da wani Rabe mai irin sana'ar.

To kwamfutar nan akwai nawa. In ya kunna ta, sai ya je ya sha koko ya dawo, tana nan tana juya ɗan zoben nan a fuskarta. Wani makiyayi, Manu, ya ba da waya a sa masa fim. Ya je ya sayar da tunkiya, ya yi aski, ya dawo.

"Malam, ya shiga?"

"Yana hanya."

"Daga Indiya yake tahowa a ƙafa?"

Manu ya fizge wayarsa ya tsallaka wurin Rabe. Sauran mutane suka bi shi ɗuu. Rabe har da ɗago hannu: "Maƙwabci, in ta farka ka gaishe ta!"

Mutumin ya rantse kafin kasuwa ta zagayo sai ya dawo da mutanensa. Ya ɗaure kwamfuta a bayan mashin, sai Funtua wajen Mansur mai gyara. Mansur ya danna nan, ya danna can, ya girgiza kai.

"Baba, cike take da tarkace. Abubuwa barkatai ke tashi tare da ita in an kunna, ga ƙwayar cuta ta yi mata katutu. Sai an share, an ƙara mata ƙwaƙwalwa."

Mutumin ya dube shi sheƙeƙe.

"Yaro, ka taɓa horar da sa?"

"A'a, Baba."

"To wannan ƙyuya ce tsagwaronta. Ni na san idon mai ƙyuya. Ba ni abata."

Yana isa gida ya yanko tsumagiya. Ya kunna ta, ya tsaya a bayanta yana daka tsawa yana zabga wa tebur. Matarsa Lauratu ta leƙo daga madafi.

"Malam, da wa kake faɗa?"

"Da wannan. Ta ga ni baƙo ne, ta raina ni."

Da tsawa ta ƙi ci, ya ce yunwa ce maganinta. Ya hana ta caji wuni guda. Ta ɗauke ɗif.

"Kin gani ko? Ta kwanta a tsakiyar kunya. Haka baƙin san nan nawa ya yi mini bara."

Sai ya koma lallashi. Ya mayar mata da caji, ya zuba dusa da kanwa a murfin kwano, ya kara a bakin fankarta. Fanka ta zuƙi dusa, ta kama gurnani, ƙirrr, ƙirrr.

"Lauratu, zo ki ji! Ta fara tuƙa!"

Tuƙa dai aka yi, amma gudu babu. Kasuwa kuma tana ta matsowa.

Saura dabara ɗaya, wadda kowane manomi ya sani: sa mai ƙyuya, haɗa shi ake yi a karkiya da horarre, ya ja shi har ya koyi tafiya. Ga Zakiyya, ƙanwar Lauratu, ta zo hutu daga makaranta da kwamfutarta sabuwa fil, kafin ka taɓa ta buɗe. Ya bari sai da ta tafi kitso. Ya ɗauko kwamfutarta, ya jera su da tasa kafaɗa da kafaɗa, ya gitta sanda a kansu, ya tamke da igiyar shanu.

Kuma shanu ba sa sabawa sai sun ci a kwano ɗaya. Ya zaro filas ɗinsa na ajiye fina-finai, ya soka wa tasa, ya cire ya soka wa tata. Ya sake mayarwa. Haka ya yi ta ciyar da su har la'asar.

Zakiyya ta shigo da sabon kitsonta, ta yi turus.

"Innalillahi! Yaya, me kwamfutata take yi a ɗaure?"

"Aiki take. Kar ki firgita su."

Ta ture shi ta kwance igiya. Ta danna. Shiru. Ta sake dannawa. Sai ga ɗan zoben nan ya fito yana juyawa a hankali, irin na maƙwabciyarta sak.

"Wayyo, Yaya, ka kashe ni! Duk karatuna yana ciki! Ka shafa mata cutar taka! Dubi, yanzu su biyun rarrafe suke yi!"

Mutumin ya sunkuya. Ya dubi wannan zobe, ya dubi wancan, yana bin su da yatsa. Sai ya washe baki.

"Ke dai ba ki san noma ba. Ai mai wuyar ke nan an wuce, ƙafarsu ta zo ɗaya. Saura a aro ta Rabe a ɗaura musu a gaba."