Laifin Polis Ne

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da haruffa suka kusa kai ni kaso ba. Ina da ɗan shagon buga takardu a Gidan Rumji, kuma lokacin na samo wani salon rubutu a intanet, haruffa masu kauri, gefensu a yayyage kamar an kankare su da wuƙa. Na ƙwallafa rai a kansu, ina neman inda zan gwada.

Sai ga Malam Hamisu, mai yi wa dabbobi allura, yana son sanarwar rigakafi da za a lilliƙa a ƙauyukan Gidan Sori. Na zauna gaban ordinatar, wato kwamfuta, na zuba masa haruffan nan da jan launi: MUNA NAN TAFE RAN LARABA. KOWA YA FITO DA SHANUNSA. Layin da ke bayanin allurar kuwa na ƙanƙance shi can ƙasa don kada ya ɓata min zane (ni a dole gwani). Ɗan kabu-kabu ya kwasa ya tafi liƙawa, Malam bai ko duba ba.

Na manta a inda muke, yankin da ɓarayin shanu suka hana kowa sakat. Kashegari makiyaya suka kora garkunansu suka yi arewa, ni kuma na ga jandarma biyu a ƙofar shagona. Suka tasa ni gaba. Na san idan aka laƙa wa mutum sunan yaron 'yan bindiga, ko an sake shi, garin nan ba ya sake zaunuwa gare shi.

A buro, wato ofishinsu, kumandansu ya ajiye takardar gabana. "Wa ya sa ka wannan aiki?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi laifin polis ne." (A sana'armu, da Faransanci, salon haruffa shi ake kira polis, suna ɗaya da na ɗan sanda. Tsoro ya hana ni tuna cewa ba a shago nake ba.)

Kumanda ya jawo biro. "Wane polis? Yana ina?"

"Yana shagona, ranka ya daɗe. Cikin ordinatar."

Ina cikin wannan kwamacala Malam Hamisu ya shigo yana haki, ya nuna musu ɗan layin ƙasa. Kumanda ya yi dariya har da hawaye, ni kuwa gumi nake sharewa. Hukuncina shi ne in hau bayan babur ɗin Malam, mu bi ruga-ruga ina ba da haƙuri. Wani dattijo ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yaro, kai ne ɓarawon? Ai ko akuya ba ka iya korawa."

Tun daga nan na koma haruffa masu ladabi. Kuma duk takardar da zan buga, sai na fara tambayar kaina: in tsohuwa ta hango ta daga nesa, za ta matso ne ko za ta ɗaure kaya?