Ranar da Na Hana Abokaina Ɗaukar Guzuri

Ni na hana abokaina yin tapau, wato sayen ƙunshin abinci, ranar da muka bar unguwar Setapak za mu hau dutse. Na ce musu a bakin kogi na girma, kifin rafi ba zai gagare ni ba.

Awa uku muna hawa, awa biyu ina tsaye cikin ruwa da fatsa. Su huɗu sun hura wuta, sun zauna suna kallona. Ko ɗaya ban kama ba. Da na fito, matsattsaku bakwai ne manne a ƙafafuna.

Bulus, abokin ɗakina, ya duba su a natse, ya ce, "Gasawa za mu yi, ko miya?"

Har yau in an kawo kifi a mamak, gidan abincin da muke zuwa, sai su miƙe tsaye: "Sarkin Ruwa, fara sa albarka."